Shamuwar Aziza da Baƙon Gidan Alhaji Ayouba

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara kasuwar Hédzranawoé ta Lomé ya san Aziza, in bai san sunanta ba ya san faɗanta. Rumfarta ƙarama ce, tsakanin mai gwanjo da wata mai sayar da bokitai. Kana miƙa mata waya za ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "A miya ta faɗa ko a kwata? Faɗi gaskiya, ba ni da lokaci." Shekarunta talatin da ɗaya, haifaffiyar Zongo ce, 'yar Alhaji Ayouba mai masauki, wanda fataken albasa daga Nijar ke sauka gidansa tun kafin a haife ta. A gidan nan ta tashi tana ganin baƙo na cin nama, 'yan gida na lasar romo. Dokar Alhaji ɗaya ce: abin da baƙo ya roƙa, in akwai shi, ba a hana shi.

Wasan dodanni kuwa tsautsayi ne ya haɗa su. Wani direban tirela ya kawo na'urar wasa gyara, ya tafi Wagadugu bai dawo ba sai bayan wata huɗu. Kafin ya dawo wasan ya shiga jinin Aziza, har ta sayi tata. Kowa yakan zo da dodanni shida, a yi ta karawa zagaye bayan zagaye, wanda nasa suka ƙare ya faɗi. Samarin Zongo duk dodannin wuta suke so, masu ƙara da hayaƙi. Ita ruwa ta zaɓa.

Dodanni biyu ne ƙashin bayan tawagarta. Na farko ta sa masa suna Shamuwa, don da ya shigo fili sai ruwan sama ya sauko, ya yi zagaye takwas. Na biyu Tarwaɗa, shi ne mai kai hari. In babu ruwa Tarwaɗa ba komai ba ne, kowa ya riga shi duka. Amma da ruwa ya sauko gudunsa sai ya ninka, dukansa ya yi nauyi, ya bi dodannin mutum ɗaya bayan ɗaya kafin ya gama cewa wayyo. Maganinsa kowa ya sani: ka zo da dodo mai kiran rana ya busar da filin. To, a nan Aziza ta fi su kai. A ƙa'idar wasan, in mai kiran ruwa da mai kiran rana suka shigo tare, wanda ya fi rashin gudu shi ke yin nasa a ƙarshe, kuma nasa ne zai zauna. Sai ta ɓata wata uku tana rage wa Shamuwa gudu, har ta saukar da lambarsa zuwa hamsin da tara. Masu rana suka yi ta shan kashi ba su san dalili ba. Lambar nan ko ƙawarta Aminata, mai ɗinki, wadda ke raka ta kowace gasa, ba ta sani ba.

Ana haka Aboubakar ya zo. Ɗan wani tsohon baƙon Alhaji ne daga Galmi, ya zo neman aiki a tashar jirgin ruwa. Alhaji ya ba shi ɗakin zaure. Wata bakwai yana cin tuwon gidan, kuma Aziza ce mai tuƙawa. Da la'asar in ta dawo kasuwa ta zauna a kan benci da na'urarta, sai ya raɓo. "Yaya Aziza, me ya sa kika fito da wannan ba wancan ba?" Da fari ta kore shi. Alhaji ya ji daga kan tabarmarsa ya ce, "Aziza, baƙo ne fa. Abin wasan yara ma sai an yi rowarsa?"

Ta koya masa. Wallahi ta koya masa tsakani da Allah, don Aziza ba ta iya rabin aiki ba. Ta nuna masa lokacin da ake ɓoye Tarwaɗa, da yadda ake ƙirga zagayen ruwa kada ya ɗauke maka a tsakiyar hari. Wata rana da ya yi mata tambaya mai ma'ana, daɗi ya kwashe ta, ta buɗe masa shafin Shamuwa ya ga hamsin da tara da idonsa. Bayan nan ya samu aiki, ya koma unguwar Totsi, ya shiga ƙungiyar 'yan wasan can.

Sai ga sanarwa: za a yi babbar gasa a Accra, kuma kujera ɗaya tak aka ba Lomé. Aziza ta shekara huɗu tana jiran rana irin wannan. Ta share duk wanda aka haɗa ta da shi, har aka zo wasan ƙarshe. Da aka liƙa suna, ita ce da Aboubakar.

Aminata ta ce, "Ke, canza lambar nan da kike ɓoyo. Ya gan ta, ko bai gan ta ba?"

"Ya gani."

"To?"

"To me? Wata bakwai ina zuba masa miya. Da wane ido zai dube ni ya yi amfani da ita? Akwai kunya a duniya, Aminata."

Kun ji fa. Matar da ba ta yarda da mai waya in ya rantse cewa ba ta jiƙe ba, ita ce ta jingina shekara huɗu a kan kunyar wani.

Ranar Asabar da hantsi aka haɗu a wani ɗakin wasa a unguwar Hanoukopé, mutane cike har bakin ƙofa, an sa wasan a babban allo. Aboubakar ya rusuna ya ce, "Yaya Aziza, ina kwana? Yaya Baba?" Ta amsa. Aka fara. Ta fito da Shamuwa, ya fito da mai kiran rana. Ruwa ya sauko, 'yan Zongo suka ɗauki ihu. Ihun bai kai ƙarshe ba rana ta buɗe, filin ya bushe ƙarau. Ashe ya saukar da gudun nasa dodon zuwa hamsin da takwas. Ɗaya tak ya rage, don ya san daidai inda take.

Ta yi faɗa, ba za a ce ba ta yi ba. Sau biyu tana janye Shamuwa ta dawo da shi, sau biyu yana tare ta, don ita ta koya masa ƙirgan. Tarwaɗa ya fito a busasshen fili, duka ɗaya aka yi masa ya faɗi. Minti goma sha ɗaya aka gama. Ta tashi ta naɗe wayar cajinta, ta fita ba ta kula kowa ba.

Ka ce ya ishe shi? Ina! Washegari bayan azahar sai ga shi a gida da ledar lemu, ya durƙusa gaban Alhaji. Aka kira Aziza. Ashe tawagar da ya zo da ita wasan jiya don Aziza kaɗai ya gina ta, ba za ta iya da kowa ba a Accra, shi ma ya sani. Yana sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki ara mini tawagar ruwan in je da ita. Ai sunan Lomé ne gaba ɗaya."

Alhaji ya ce, "Ba shi mana."

"Ba zan bayar ba, Baba."

Tunda aka gina gidan nan ba a taɓa faɗin haka a gaban baƙo ba.

"Ni kike gaya wa?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Tuwo na ba shi, ilimi na ba shi, kujerata ya ɗauka da hannuna. Wannan kam sai dai ya gina nasa." Ta juya ga Aboubakar. "Kai kuma ko kunya ba ka ji ba? Da lemu ka zo?"

Ya ce, "Yaya, wasa ne fa."

"Wasa ne? To je ka yi wasanka."

Kwana tara Alhaji bai amsa gaisuwarta ba. Hakan ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana son tsohon, amma ba ta janye ba.

Ranar gasar Accra tana rumfarta, ta jingina wata waya a jikin gwangwanin sukurori tana kallo kai tsaye, Aminata na gefe. A karawar farko aka haɗa Aboubakar da wani ɗan Kumasi, aka yi masa kaca-kaca. Aminata ta tafa ta ce, "Alhaki! Allah ya ƙara!"

Aziza ba ta yi dariya ba. Ba Aboubakar take kallo ba, dodannin ɗan Kumasin take dubawa, shida reras a gefen allo. Babu mai kiran rana a cikinsu, babu ko ɗaya da zai iya tsayawa gaban Tarwaɗa a cikin ruwa. Ta bi ɗan Kumasin karawa bayan karawa har yamma, ta bar masu gyara na tsaye suna mita, har ta ga an miƙa masa kofi. Ta ƙirga da yatsunta, ta sake ƙirgawa.

Ta ce, "Zagaye shida, Aminata. Da ni ce a can, zagaye shida zan gama da shi."

Sai ta kife wayar, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta yi kuka a tsakiyar kasuwa.