Sunan da Matata Ba Ta Faɗa

Matata ta faɗi a kicin wata ranar Talata, a gidanmu na garin Laurel, nan ƙasar waje. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ta rayu, amma maganarta ba ta dawo daidai ba.

In tana son ruwa, sai ta ce takalmi. Ta nuna bargo ta ce gishiri. In na kawo abin da bakinta ya faɗa, sai ta kau da kai ta yi ta kuka.

Ban yi boko ba. Kaya nake ɗauka a sito. 'Yarmu ce take jami'a. Ita ta gaya mini mutanen Girka na dā sun yi gardama a kan wannan. Wani ya ce suna manne yake da abu kamar fata da jiki. Wani ya ce a'a, mutane ne suka haɗu suka yarda a kira abu haka.

Na ce, "Wa ya yi nasara?"

Ta ce, "Baba, har yau ba a gama ba."

Na ce, "Su ba su da mara lafiya a gida."

Na kama maganar na biyun. In dai yarda ce, ni da ita ma mutane ne, sai mu yarda. Takalmi ya zama ruwa a gidanmu. Ta ce takalmi, in kawo kofi, ta sha. Abin bai daɗe ba. Ta sake. Ruwa ya koma taga, takalmi ya ɓace daga bakinta.

Tun da aka kawo ta gidana a Maraɗi ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ce irin ta matanmu. Malam take cewa, ko baban wance. Ko a gaban ma'aikatan gwamnati aka tambaye ta, sai ta dubi 'yarmu don ita ta faɗa.

Yanzu gatsau take faɗarsa. Ta kira buta da shi. Ta kira ƙofa da shi. Rannan ta dubi cokali ta kira shi da sunana, ina tsaye a gefenta.

Na tambayi likita ko ta san ni. Ya ce mai yiwuwa. Na tambayi 'yarmu. Ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa.

Ban sani ba ko ni take kira, ko cokalin take so. Sai na miƙa mata cokalin, na kuma ce na'am.

Na bar aikin sito. Ina nan Laurel, a kan kujera kusa da gadonta. Duk abin da ta kira da sunana, ni nake amsawa.