Igiyar Kawu Saje

Duk wanda ya san Kawu Saje a cikinku ya san ba ya fita sai da abu biyu: sandar nan tasa mai bakin ƙarfe, da shuɗiyar igiya a naɗe cikin jakar goyo. Masallaci da su, asibiti da su. Ɗaurin auren Anti Bilki ma da su ya je, jakar na ƙarƙashin babbar riga, har dangin ango suka riƙa tausaya masa wai doro gare shi. Kuma ba ya sa ƙafa inda bai sani ba sai ya ƙwanƙwasa wurin da sanda. A Dubai fa, jama'a! Inda tayil ɗin ƙasa ya fi farantin gidanmu ƙyalli.

"Taɓa, sannan ki taka, Kurtu." Abin da yake ce min ke nan kullum. Tun da na zo garin nan bayan na gama sakandare bai taɓa kirana Nafisa ba, sai Kurtu.

Ku yi haƙuri in kun ga zancen yana tsalle. Yau kwana huɗu ban dawo daidai ba, zan zo kan dalili. Bari dai in fara da dariya, don shi ma da ita zai fara.

Ga waɗanda suka shigo gurup ɗin nan daga baya: yayan Ummata ne, tsohon sojan injiniya, irin masu gina gada da tone nakiya. Da ya yi ritaya Abba ya kawo shi ya riƙe masa sito na kago, wato kayan da ake aikawa gida, a Al Khabaisi, muna zaune tare a Karama. Hawa na biyar muke, amma bai taɓa shiga lif ba. Wai akwatin da bai ga igiyarsa da idonsa ba, ba da shi ba.

Ran nan mun je wani babban mol, mai gadi ya buɗe jakar ya ga igiya.

"Habibi, wannan ta mece ce?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "In gobara ta tashi kana hawa na uku, da me za ka sauko?"

"Da matattakala."

"In ta cika da hayaƙi fa?"

Mutumin ya miƙa masa jakar. Kawu ya zuge jakarsa ya dafa masa kafaɗa ya ce, "To ka riƙa tsayawa kusa da ni."

Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige!

Na abra ya fi. Mun je tsallaka ruwan Deira a abra, ƙaramin jirgin nan na katako, Kawu ya hangi yadda direban ya ɗaure jirgin a bakin gaɓa. Bai ce da kowa komai ba, ya tsuguna ya kwance ƙullin mutane. Direba na ihu, "Khalas, baba, khalas! Yalla!" fasinjoji na zagi da yare kala-kala, shi kuwa hankali kwance ya sake ɗaurawa irin nasa. Direba ya ja, bai motsa ba. Kawu ya taɓa bakin igiyar da yatsa biyu, ta warware. Kun san ƙarshenta? Mu muka tsallaka, Kawu ya zauna can yana koya wa direbobi huɗu ɗauri har la'asar. Da ya dawo gida cewa ya yi, "Yaran suna da ƙoƙari, horo ne babu."

Ni ce dai na sha horon. Ba zan ci abincin rana ranar Asabar ba sai na yi ƙullin nan a ƙafar kujera, ido a rufe, sau uku. In na ce, "Kawu, ni fa a shagon turare nake aiki," sai ya ce, "Abokan gaba ba sa tambayar inda kake aiki."

Sai kuma Baba Bitrus. Kun san shi, dogon nan mai gyaran esi da ke zaune a Muhaisnah, kofur ne a rundunarsu. Duk Lahadi in ya taso daga coci zai biyo gidanmu, Kawu ya dafa shayi da ganyen da ya riga ya dafa jiya, su zauna su ɗauko rigimar da suka fi shekara talatin suna yi. Wai a Laberiya an karya wata gada, mutanen ƙauye sun taru a gaɓa, ana harbi daga bayansu. Su Kawu suka haɗa gada da durom da katako, harsashi na faɗawa ruwa kamar ana watsa tsakuwa. Su biyun suna ɗaure da igiya ɗaya a ƙugu. Ɗaya ya faɗa kogi, ɗaya ya jawo shi. Har nan duk sun yarda. Wane ne ya faɗa, nan ake yin ta.

"Ni na tsamo ka, Bitrus, kana shan ruwa kamar raƙumi!"

"Saje, ka ji tsoron Allah, ga carbi a hannunka. Wa ya riƙa kiran Innarsa?"

"Umarni nake bayarwa!"

"Umarnin 'wayyo Inna'? A wace makarantar soja ake koyar da shi?"

Na taɓa tambayarsu mutum nawa suka tsallake a gadar. Nan kaɗai ban ji sun yi musu ba. Kawu ya ce, "Duka. Har da wata tsohuwa da akuyarta."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni bakin gado ya miƙo min jakar. Na ce, "Kawu, wasu gida ake bar musu, ni igiya?" Ya ce, "Gida ba ya shiga jaka. Kar ki bari ta kwana a jiƙe." Bayan kwana biyu ya rasu. A wurin gaisuwa Baba Bitrus ya share hawaye ya ce, "To, tunda yanzu ba ya nan balle ya musa, ni na tsamo shi." Muka yi dariya, shi kuma ya fashe da kuka.

Tun daga nan nake yawo da jakar. Ba don na yarda da ita ba, kewarsa ce kawai.

To, ranar ruwan saman nan da kuka gani a waya. Muna shago a Al Khabaisi, mu shida, duk mata. Kafin azahar titi ya zama kogi, motoci na yawo su kaɗai. Shagonmu a gangare yake, ruwa ya shigo har gwiwa, yana hawa wajen soket, ga Anti Rahila mai kula da mu da cikin wata takwas. Tsallaken titi akwai bene mai tudu, mutane na can suna ɗaga mana hannu. Ni kuwa ko a bahon wanka ba na son ruwa ya wuce min idon sawu. Na maƙale a bakin ƙofa, na kasa fita.

Sai waya ta yi ƙara. Baba Bitrus ne, ashe yana aiki a benen can ruwan ya tare shi.

"'Yata, ina hango ki. Jakar Saje na wurinki?"

"Baba, ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba."

"Shi ma haka ya ce a Laberiya. Ɗaura a ƙarfen ƙofa. Nemo sanda."

Na ɗaura. Wallahi ban san na ɗaura ba, hannuna ne ya yi abinsa kamar ranar Asabar. Na zagaya ɗaya bakin a ƙuguna, na ɗauki sandar mofa, na shiga. Ruwa har ƙirji, sanyi, yana ja na gefe. Ina kuka ina cewa da ƙarfi, taɓa, taka, taɓa, taka. A tsakiyar titi na taɓa, sandar ta nutse gaba ɗaya, babu ƙasa. Ruwa ya ɗauke murfin ramin kwata. Taku ɗaya ya rage min.

Wannan ramin nake gani har yanzu in na rufe ido.

Na kewaye shi shwaiya shwaiya, a hankali. Baba Bitrus ya shigo ruwan ya taro ni, sai santsi ya kwashe shi, na cafko kwalarsa, shi ma ya cafko mayafina, muka fita tare muna tari. Ya ɗaure igiyar a ginshiƙi ta miƙe tsaf, nesa da ramin. Ɗaya bayan ɗaya suka biyo ta, Anti Rahila a tsakiya ana riƙe da ita. Har wasu 'yan Filifin na shagon kusa da mu suka bi. Duka muka tsallake. Duka! Akuya ce kawai babu.

Mutanen benen suka hau tafi. Baba Bitrus ya ƙame a gabana, ruwa na zuba daga gemunsa, ya sara min ya ce, "Daga yau babu Kurtu. Las Kofur Nafisa!"

Amma ku ji tsohon nan. Shekaranjiya ya kira Abba yana ba shi labari wai shi ya tsamo ni! Na ƙwace wayar na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah, wa ya riƙe kwalar wa?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ranar Lahadi ki dafa shayi, zan zo mu yi ta."

Igiyar tana baranda, na shanya ta tun ranar, ban bari ta kwana a jiƙe a jaka ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Saje, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya a cikin ruwa har bayin Allah suka haye, ya Allah Ka haye da shi siraɗi cikin sauƙi, ba sai ya taɓa da sanda ba. Amin.