Bakin da na saba kushe goro da shi

Shekaru masu yawa baya, kafin yaƙin basasa, ni dillalin goro ne a Sabo ta Ibadan, kuma gwani ne wajen kushe kaya. Bayarabiya za ta kawo kwando, goro jajir ba tabo, in ɗauki ɗaya in juya, in taɓe baki in ce ƙanana ne, ga alamar sangara, tsutsar nan mai cin goro. Ta zage ni da Yarbanci, mu yi dariya, ta rage kuɗi. A kasuwa sunan wannan kushewa, ba mai riƙe ta a zuci.

Matsalar ita ce bakin nan da shi nake komawa gida.

Ƙanena ɗinkin hannu yake yi. Wata uku ya yi yana mini aikin babbar riga ban sani ba. Ana jibi Sallah ya kawo mini ita rumfa, gaban mutane. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyanta ba. Amma sai na ji hannuna yana juya ta kamar goro.

"Zaren ya ɗan yi kauri," na ce. "Wuyan ma ya karkace. Ba laifi dai, ana koyo."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da yaƙi ya taso, wasu suka fara komawa Arewa, ya ce zai bi su Zariya. Na ce ai Sabo lafiya lau take.

"Yaya, ba yaƙi nake gudu ba," in ji shi. "A nan kome na yi, sai ya ƙanƙance in ya zo gabanka."

Na kai ƙara wurin mahaifiyarmu, wai ni ban raina shi ba, kushewa ce kawai irin ta sana'a. Ta ce, "Mai goro kuɗi take jira. Shi me yake jira a wurinka?"

Bayan yaƙi na je Zariya. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, har kaza aka yanka. Amma ina sa ƙafa a shagonsa ya ja zane ya rufe aikin da ke cinyarsa, yana tambayata mutanen gida.

Yanzu na tsufa, na gaji da yi wa kaina bayanin bambancin kushewa da raini. Wanda aka yi wa ne ya san sunan abin. Mun yi zumunci har ya rasu, amma ban sake ganin ɗinkinsa ba sai a jikin wasu.