Tsit Mai Gwajin Akwatin Wuta

Wanda duk ya ji ana kiranta Tsit sai ya ɗauka mace ce marar magana. Ko kusa. A gidan hayar da suka zauna, muryarta ake fara ji a bakin famfo da safe, kuma mijinta, wanda mai aski ne, yakan ce shi kaɗai ne mai askin da aka fi shi surutu a cikin gidansa. A wurin aiki ta samo sunan.

Aikin ma ba ita ta nema ba. Maƙwabciyarta ce, Uwar Biyu, wadda bango ɗaya ya raba ɗakunansu, ta ji ana ɗaukar mata a wani kamfani da ke haɗa akwatin wutar kwamfuta, ta ce ta raka ta. Gwajin ɗaukar aikin ba wani abu ba ne: a ba ki hantsaki da faranti cike da ƙananan kaya, ki tsince su ki zura ƙafafunsu a ramukan wani ɗan koren allo. Hannun Uwar Biyu ya yi ta rawa, kayan suna zubewa. Tsit kuwa tana kan benci tana ba matan da ke jira labari, har shugaban layi ya gaji ya leƙo.

“Baiwar Allah, in hannunki ya kai bakinki sauri, zo ki gwada.”

Ta gwada, aka ɗauke ta. A motar komawa gida Uwar Biyu ta yi ta kallon taga, amma da suka sauka ita ta fara ba mutanen gidan labari, tana dariya.

A layin dalma, inda ake liƙe kayan a jikin allo da narkakkiyar dalma, aka fara sa ta. Akwatin wuta shi ne ke karɓar wutar bango ya sassauta ta, ya raba wa kwamfuta ta wayoyi masu launi: ruwan ɗorawa mai ƙarfi, ja matsakaiciya, ruwan lemo ƙarama. A cikinsa akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, ayisi sunansa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ’yan kamfanin suna ce masa mai gadi. Shi ke duba ƙarfin wutar da ke bin kowace waya. In ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko wayoyi biyu suka haɗu, sai ya kashe akwatin kafin wani abu ya ƙone. In komai daidai ne, ya sanar da kwamfuta ta wata waya ruwan toka cewa ta tashi. Shi Tsit take liƙawa, daga safe zuwa la’asar, ta ɗiga wa allon jan fenti don a san aikinta ne.

Da ta sami cikin ’yarta, hayaƙin dalma ya riƙa tayar mata da zuciya, aka mayar da ita teburin gwaji a ƙarshen layi. Nan ta zauna har ’yar ta gama makaranta. Aikin teburin shi ne a jawo wa akwati masifa da gangan. Ta jona shi, fankar cikinsa ta tashi, ta danna maɓallin da ke haɗa waya ja da baƙa. Fanka ta tsaya. Ta sake kunnawa, ta murɗa wani abu ƙarfin wuta ya haura, allurar mita tana hawa, fanka ta sake tsayawa. Duk akwatin da ya mutu a lokacin da ya kamata, ya ci gwaji ke nan. Ita kuma ba ta iya yin abu baki rufe, don haka duk sanda fanka ta tsaya sai ta ce, “Tsit!” ta tura akwatin gaba. Tun matan layi suna kwaikwayonta don tsokana har sunan ya bi ta gida.

Mijinta bai taɓa gane aikin ba. Yakan ce wa masu zuwa aski, “Matata fa ɓata kaya take yi a kamfani, kuma su ce ta kyauta. Ni in na ɓata kan mutum ɗaya sai na bar unguwar nan.”

Teburin yana da murfin gilashi mai kauri da ake saukewa kafin a murɗa wuta. Tsit ba ta saukewa, don in an rufe ba ta jin fanka, sai ta zuba wa mita ido, aiki ya yi nawa. Shugaban layi ya sha yi mata magana, daga baya ya daina gani.

Lokacin da mijin Uwar Biyu ya kwanta ciwon baya, zama ya yi musu wuya, Tsit ta je wurin shugaban layi ta roƙa mata. Ya tuna da ita.

“Wadda hannunta ke kaɗawa?”

“Tsoro ne ranar nan, ranka ya daɗe. A gida har allura take zura mini.”

Aka ɗauke ta a layin dalma, aka ba ta shuɗin fenti. Hannun bai daina rawa duka ba, amma ta koyi dafa gwiwar hannu a kan tebur, aikinta yana wucewa. Suna tafiya tare, suna cin abincin rana daga kwano ɗaya a bayan sito.

Wata ranar aiki bayan hutun rana, Tsit ta jona wani akwati, ta murɗa wuta, fanka ba ta tsaya ba. Ta zaci fankar teburin kusa take ji, sai ta sunkuya ta kai kunnen hagu dab da akwatin, hannunta yana ci gaba da murɗawa. Kwandansa, wani ɗan gwangwani mai tara wuta a ciki, ya fashe. Matan layi suka ji kamar an buga ƙofar ƙarfe. Ita ba ta ji ƙara ba sam. Ta ga farin hayaƙi da ɓarɓashin takarda yana sauka a kan hannunta, ta ga bakunan mutane suna motsi, sannan wani abu mai ɗumi ya gangaro mata a wuya.

Likita ya ce dodon kunnen ya fashe. Ramin ya warke daga baya, jin ne bai dawo ba.

Da aka buɗe akwatin aka tarar ƙafa ɗaya ta mai gadi ba ta kama dalma ba, ita ce kuwa mai duba waya ruwan ɗorawa. A gefen allon akwai ɗigon shuɗin fenti. Aka kira su biyun ofis. Uwar Biyu ta tsaya jikin ƙofa tana murza gefen rigar aiki. Manaja ya tambayi Tsit yadda aka yi, sai da ya maimaita da ƙarfi.

Ta ce, “Murfin a buɗe yake. Kullum a buɗe yake.”

“Kin san abin da kike faɗa?”

“Ka tambaye ni, na faɗa maka.”

Wannan bai ceci kowa ba. An sallami Uwar Biyu, an cire Tsit daga teburin gwaji an kai ta wurin sa kaya a kwali, shugaban layi kuma ya sha faɗa. Mai aski ya yi fushi da matarsa fiye da yadda ya yi da maƙwabciyar. Ya ce da ta yi shiru sau ɗaya a rayuwarta, da kamfani ya ɗauki nauyin komai. Ta juya masa kunnen hagu, abin da ya zama al’adarta ke nan duk sanda ba ta son magana.

Uwar Biyu ta daina fitowa famfo sai ta tabbatar Tsit ta tafi aiki. In suka yi kiciɓis a ƙofar gida, gaisuwa ce a tsaye, ido a ƙasa. ’Yan biyun suka daina shigowa kallon talabijin. An daɗe a haka. Tsit ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ta riƙe ba. Ta dai gaya wa ’yarta cewa abin da ya fi damunta shi ne ba ta da wanda za ta ba labarin matan kwali.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman doya da manjan, mota ce. Tsit tana tsallaka titin bakin gida, wata motar kaya ta taho ta hagu tana ta oda, ba ta ji ba. Uwar Biyu, da ke zaune a rumfar da ta kafa tana sayar da sabulu da ashana, ta zabura ta fizgo ta har mayafinta ya yage.

“Ke kurma ce?” ta daka mata tsawa.

Sai ta ji abin da ta faɗa, ta toshe baki.

Tsit ta ce, “To da wa ya mayar da ni?”

Suka tsaya suna kallon juna. Tsit ce ta fara dariya, Uwar Biyu kuwa kuka ta yi, a nan bakin titi, mutane suna ratsa su. Washegari Tsit ta ajiye mata mayafin a rumfa ta ce ta ɗinke, tunda ita ta yaga.

Bayan wasu shekaru kamfanin ya kawo injin da ke yin gwajin da kansa, akwatuna suna shiga ta nan suna fita ta can a cikin rufaffen keji, babu mai sauraron fanka. Aka rage ma’aikata, har da na kwali. Tsit ta nemi mijinta ya ba ta kusurwar shagon aski, bayan madubi. Ta kafa tebur, ta sayi mita da ƙarfen dalma, masu gyaran kwamfuta na layin suka fara kawo mata akwatunan da suka ƙi tashi. Yawancinsu da cewa suke zuwa mai gadi ne ya lalace, a cire shi kawai. Takan ce musu lafiyarsa ƙalau, abin da ya gani ne ya hana shi kunnawa, sai ta bi ta nemo kwandansan da ya kumbura. Wasu suna jira, wasu su ɗauka su kai wa wani da zai haɗe wayar ya tsallake mai gadin, a wuce wurin. Ba ta bin su da magana. Ta sa an yanko mata gilashi mai kauri ta kafa a gaban teburin, tana saukewa a kowane gwaji.

Mai aski ya rasu bayan ’yar gajerar jinya. Wanda ya karɓi shagon, mai sayar da rigunan waya ne, ya bar mata kusurwarta, yana kiranta Gwaggo, suna faɗa kullum a kan wa ya kashe wa wani soket. Uwar Biyu ta koma wurin ɗaya daga cikin ’ya’yanta a wani gari. Suna waya, kowacce tana ihu, maƙwabta suna jin rabin hirar.

Bara ’yarta, wadda yanzu take koyarwa, ta kai ta aka auna kunnen, ta saya mata ɗan abin ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Tsit ta sa shi na ’yan kwanaki, ta ce ashe haka duniya ta ƙara hayaniya ba ta sani ba. Da ’yar ta zo duba ta a shago, ta tarar da abin a buɗe a ƙarƙashin fitila, an jera ’yan kayan cikinsa a kan farin ƙyalle.

“Mama! Me kika yi?”

“Dubawa na yi in ga me ke ciki.”

“To mayar da shi yadda yake.”

Tsit ta ɗaga hantsaki ta kalli ƙyallen, ta ce murfin ne dai ya ƙi komawa, amma ta dawo jibi ta gani.