Ranar da na kai wa jikata balo

Wauta dai na yi ta iri-iri a rayuwata, amma akwai guda da ba zan manta ba har a sa ni a rami. Ni da aji biyu kawai na yi a lakwal, ni ne na tashi zan gyara wa masu ilimi wasansu.

Akwai wani fim na 'yan mata masu buga balo, wato ƙwallon ƙafa, da na kalla sau uku a tele, a shagon ɗana a Magarya. Filin kore shar, balo na gudu, kana ganin zufa a goshin yarinyar da za ta buga na ƙarshe. Na haddace shi tsaf. Sai jikata, wadda nake tsokana da matata, ta zo ta ce kolejinsu za su yi wannan labarin a dandali, da waƙa da kiɗa, kuma ita ce mai bugun ƙarshe. Gasa ce, makarantar da ta yi fice za a kai ta Damagaram. Wata biyu yarinyar nan tana rera waƙarta ko a bakin rijiya.

"Tsoho, ka zo, amma ka zauna shiru," in ji ta.

Na ce, "Haba matata, yaushe na taɓa ba ki kunya?"

Bayan la'asar aka fara. Nan na ga bambanci. A fim idan ran yarinya ya ɓaci kuka take yi, a nan sai ta kama waƙa. Babu ciyawa, siminti ne. Raga kuwa kujeru biyu ne. Duk wannan na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu balo. Suna ta harbin iska, mai kalangu yana bugawa duk sanda ƙafa ta tashi. Na ce a zuciyata, wato makaranta guda ta rasa balo, jikata tana shan kunya gaban alƙalan gasa ina zaune?

Na sulale waje, na aro sabon balo a shagon wani abokina, na ɓoye cikin babbar riga. Na dawo daidai lokacin da ta ja da baya za ta yi bugun ƙarshe. Na mirgina mata shi har gaban ƙafarta.

Ƙafar ta riga ta tashi, sai ta ɗirka masa. Mai tsaron raga, wadda aka koya wa faɗuwa hagu ta kama iska, ta ga abu ya nufo fuskarta, ta cafke shi da hannu biyu. Shi ke nan, waɗanda labari ya ce su ci sun faɗi. Kalangu ya tsaya. Jikata ta dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Allah ya yi wa yarinyar da ke alƙalin wasa albarka. Ta busa usur ta ce, "A sake. Wani tsoho ya shigo fili." Jama'a suka kwashe da dariya, wasu ma sun ɗauka cikin wasan ne. Aka fitar da balona. Jikata ta sake ɗaukar waƙarta. Ta harbi iska, kalangu ya amsa, sai ga ni tsaye ina ihu tare da kowa. Babu balo, amma wallahi na ga ya shiga raga.

Sun tafi Damagaram, ba da ni ba. Tun ranar na gane fim yana kawo maka komi har gabanka, dandali kuwa yana bar maka naka aikin, kuma idan ban gane abu ba, ba lalle ne ya lalace ba.

Da ta dawo na kai mata tsire don a shirya. Ta cinye tas, ta goge hannu, ta ce, "Tsoho, duk zauren nan kowa yana ganin balon tun farko. Kai kaɗai ne sai da ka je aro."