Tsarabar Gonar Inabi

Shekara uku na yi a Dubai ina yabon abin da ban taɓa sawa a bakina ba. A ɗakin cin abinci na wani otal nake aiki, wajen Port Saeed, inda in ka leƙa ta taga za ka hango jiragen ruwa na katako ana loda musu firji da buhunan shinkafa. Da farko faranti nake ɗauka. Daga baya aka gane ina da hanci, aka mai da ni ɓangaren giyar inabi.

Hancin gadonsa na yi. Mahaifiyata a Zariya turaren wuta da humra take haɗawa, a cikin ƙamshi na tashi. Shugabar ɓangarenmu, wata dattijuwa 'yar Afirka ta Kudu, gajeriya mai faɗan tsiya, ita ta gano ni. Madam muke ce mata. Duk ranar Talata da rana takan jera mana kofunan gilashi shida, kowa ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokiti. Ranar farko na ce mata ni ba na sha, ba na kuma kurɓa ko da zan tofar.

"To me ka zo yi a nan?" in ji ta.

Na ce ai ba ni na kawo kaina ba. Don kada in tsaya hannu rabbana, na ɗauki kofunan ina shinshinawa. Da na zo na huɗu na ce wannan warin jiƙaƙƙen kwali take yi. Madam ta fizge kofin ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta harari sauran biyar ɗin da suka riga suka kurɓa suna ta yabon giyar. Kwalbar ta lalace. Tun daga ranar ba ta sake tambayata me na zo yi ba.

Na sami ɗan littafi ina rubuta abin da hancina ya ji, da Hausa, don Turancinsu cike yake da 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani ba. Giyar ƙasar zafi ƙamshinta nauyi gare shi, kamar dabinon da ya wuni a mota. Ta ƙasar sanyi kuwa sai ka bi ta a hankali: ɗanyar gwaba, ganyen yakuwa, wani lokaci zoɓo, wani lokaci ƙasa bayan ruwan fari. Su na fi so. Na san abin da malamai suka faɗa game da mai ɗaukarta da mai miƙa ta, tun ina makarantar allo na sani. Kullum cewa nake in shekara ta zagayo zan nemi wani aikin. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, aikin ya shiga raina.

A unguwar Al Muraqqabat nake kwana, hawa na biyar, mu shida a ɗaki biyu da falo. Mai riƙe da gidan wani Alhaji ne Bakano, aikin tura kaya yake yi wa 'yan kasuwa, ya kusa sa'an babana. Sauran ma duk mutanen kago ne, wato masu tura kaya, har da wani mutumin Maraɗi da bakinsa ba ya shiru. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Alhaji da kansa yake tuƙa tuwo, a kaɗa miyar kuka, a zuba a tire ɗaya mu zagaye shi. Kwana shida nake yi ina Turanci ina murmushin dole, sai a bakin tiren nan nake jin muryata da Hausa. A duk garin ba ni da kowa sai su. Sun san a otal nake aiki. Sun ɗauka a wajen karɓar baƙi ne, ni kuma ban gyara musu ba, don na san in suka ji gaskiya zaman zai canza.

A watan Maris na 2019 masu kawo wa otal ɗinmu kaya suka ɗauki nauyin mutum huɗu zuwa gonakin inabi a Afirka ta Kudu, Madam ta sa sunana. A gida na ce kwas aka tura ni. Mutumin Maraɗi ya ce in ban kawo tsaraba ba, in nemi wurin kwana tun daga filin jirgi.

Kwarin da aka kai mu yana bayan duwatsu, tafiyar kamar sa'a guda daga Cape Town. Wai lokacin zafinsu ne yake ƙarewa, amma da safe hazo ne ke kwanciya a kan gonaki har ba ka ganin ƙarshen layi. Ni da na fito daga garin da sanyinsa na na'ura ne, haƙorana har haɗuwa suke yi. Madam ta ara mini rigar sanyinta, hannun ya tsaya mini a gwiwar hannu. Kwana uku muna yawo daga gona zuwa gona. A kowace sai a shiga da mu ɗakin ganguna, a jera kofuna, su kurɓa su tofar, ni in shinshina in rubuta. Da yamma su zauna su sha ta gaske, suna dariya, ni in koma ɗaki in yi salla ina lalubar alƙibla da waya.

Gona ta ƙarshe ta wani tsoho ce, dogo, hannuwansa duk kaushi. Da kansa ya zuba mana. Ya ga na ajiye kofi na farko ban kurɓa ba, na biyu ma haka. A na uku ya ajiye kwalbar.

"Ba ta yi maka ba ne?" ya ce.

Madam ta yi masa bayani. Ya gyaɗa kai, amma na ga abin ya taɓa shi, kuma na fahimce shi sarai, don a gidanmu ma baƙon da ya ƙi cin abinci ba a manta shi. Sai na faɗa masa abin da na ji a kofin na uku. Na ce akwai ƙamshin tuffa ɗanya, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu kamar dutsen da aka watsa wa ruwa. Ya dube ni, ya ce in biyo shi.

Ya kai ni can saman gangare inda ba a gama yankan inabi ba. Ya tsuguna ya ɗebo ƙasa, duk tsakuwa ce, ya sa mini a hannu. Ya tsinko nonon inabi guda, 'ya'yan ƙanana masu sanyi, raɓa ba ta bushe a kansu ba. Ya ce wannan dai addininka bai hana ba ko? Na ce bai hana ba. Na ci. Tsaminsa ya fara zuwa, zaƙin ya biyo baya a hankali. Shekara biyu ina shinshinar abin nan daga nesa, ranar na fara jin sa a harshena. Ya ce sanyi ne yake hana inabi gaggawa, a nan sai ya ƙara makonni a jikin itace kafin ya nuna, shi ya sa ƙamshin yake taruwa. Na ba shi labarin gonar kakana da yadda ake gane dawar da ta sha ruwan ƙarshe. Muka fi sa'a guda a tsaye, manomi da jikan manomi. Da na sauko raina fes, na ciro waya in gaya wa wani, na bi sunayen da ke ciki tun daga sama har ƙasa ban sami wanda zan iya gaya wa ba. Na mai da ita aljihu.

Da za mu tafi tsohon ya fito da kwalabe uku ya ba ni. Ruwan inabi ne zalla wanda yake matse wa jikokinsa, an dafa shi an rufe tun kafin ya fara juyawa ya zama giya. Kwalaben irin na giyarsa ne, kore mai duhu, babu takarda a jiki. Na yi murna, na ce ga tsaraba ta samu wadda babu irinta a duk shagunan Al Rigga. Da ina da wayo da na juye shi a robar ruwa, ko in tsaya a filin jirgi in sayi alewa kamar kowa. Amma so nake su ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Ranar Juma'a bayan an cinye tuwo na shiga ɗaki na fito da kwalba. Mutumin Maraɗi ya yi tsalle ya koma bayan kujera.

"Lahaula! Habibi, kwas ɗin ke nan?"

Aka yi dariya, har da ni. Na ce ruwan inabi ne, ko jariri zai sha. Na ɗauko kofuna na zuba wa kowa. Alhaji ya karɓi nasa ya riƙe yana kallo.

"Ɗana, ka tabbata bai juya ba? Ka san abin nan in ya kwana biyu."

Na ɗaga kofina, na juya shi a hannu yadda na saba, na kai hanci. Ban ma san na yi ba.

"Alhaji, sha abinka. Ai da ya fara juyawa tun daga bakin ƙofa zan ji. Warinta ba ya ɓoye mini."

"A ina ka san warinta?"

A hankali ya yi tambayar, babu faɗa a ciki. Ina iya cewa ai a otal kowa yana jin warinta. Da ya wuce. Amma na gaji, kuma labarin yana cina tun daga kan gangaren nan. Na buɗe baki na faɗi komai: kofuna shida na ranar Talata, bokitin tofarwa, littafina, hazo, tsakuwar da tsohon ya sa mini a hannu. Na rantse musu ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, kuma na ga sun yarda. Sai dai ina cikin bayanin yadda sanyi yake tara ƙamshi na lura ni kaɗai nake murmushi. Da da kunya na faɗa, ina neman su taya ni addu'ar samun wani aiki, na san da sun rungume ni. Da daɗin baki na faɗa, kowa ya ji ina son abin.

Alhaji ya ajiye kofinsa a kan tabarma bai sha ba. Ya ce, "Allah ya kawo mafita." Aka ce amin. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye nasu. Mutumin Maraɗi ne kawai ya kurɓa, ya ce wallahi da daɗi, ya dubi fuskokin mutane, shi ma ya ajiye. Ni na kwashe kofunan na zubar a wurin wanke-wanke.

Babu wanda ya zage ni. Da ma an yi, da na sami abin da zan mayar. Ana gaishe ni, ana tambayata gajiya. Amma in na sayo nama na sa a firji sai ya kwana uku ba a taɓa ba. In na shigo ana hira sai ta koma kan kwantena da farashin kago. Mutumin Maraɗi ya daina tsokanata, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Sau biyu Alhaji ya kira ni gefe ya ce akwai gurbi a wani ofishin tura kaya, in ina so zai yi magana. Na ce zan yi tunani. Ya jira, ban koma masa da amsa ba, bai ƙara tayar da zancen ba. Na ji haushinsu a lokacin, na ce a raina wa ya san abin da ke cikin kwantenonin da suke turawa. Yanzu na san ƙofa ya buɗe mini, ni ne na tsaya a bakinta ina shinshine-shinshine.

A ƙarshen shekara wa'adin gidan ya cika. Alhaji ya same ni ina guga ya ce sun sami wani, amma ƙarami ne, mutum biyar zai ɗauka.

"Na ji an ce otal ɗinku yana ba ma'aikata ɗaki," ya ce, yana kallon rigar da nake gogewa.

Na ce yana bayarwa.

"To alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan, ka ga ka huta da bin jirgin metro."

Ranar tashi na ɗauki hutu na taya su. Ni na sauko da tukunyar tuwo da buhun semo daga hawa na biyar, ni na ɗaure katifu a bayan a-kori-kura. Rana ta take, direban yana ta yalla yalla, wai a yi sauri. Suka shiga, mutumin Maraɗi ya matse hannuna. Alhaji ya leƙo ta taga.

"Ka riƙa zuwa mana Juma'a, ka ji? Kada ka yar da zumunci."

Na ce insha Allahu. Na tsaya ina ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Sai da na juya zan hau sama in ɗauko jakata na tuna bai faɗa mini unguwar ba, balle lambar gidan. Lambar wayarsa tana wurina, tawa tana wurinsa. Juma'ar farko na dawo daga masallaci na zauna a bakin gado da kayana a jiki, wayar tana hannuna, har aka kira la'asar.