Yadda Na Yi Wa Mahaifina Tallar Kunu A Hanyar Damaturu

Lamisula

Mun bar gidanmu na unguwar Lamisula bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Baba yana kan baƙin kekensa da yake ɗaukar bandar kifi daga kasuwar Baga Road, ni kuma ina motar Kawu Bukar, ƙanen Mama, da kular kunun zaƙi a cinyata da dabino a jaka.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma da ban sani ba, akwai wani tseren keke da ba ruwansa da wanda ya zo na ɗaya. A ba ka hanya mai nisa, a ce ka kai kafin lokaci kaza. Agogo ba ya jiranka ka ci abinci, ko ka yi salla, ko ka yi faci. Malam Bitrus, wani malamin makaranta mai sayen kifi wurin Baba, shi ya karanto dokokin a wayarsa ya tara abokansa. Nasu daga Maiduguri zuwa Damaturu ne, kafin a rufe hanya da yamma. Baba da ya ji ya ce a sa sunansa.

Babbar dokar ita ce ba mai taimakonka. Ko ruwa ne, mutuminka bai isa ya miƙa maka ba, sai dai ka saya wurin mai sayar wa kowa. Baba kuwa yana da ciwon suga, in ya sha magani ya daɗe bai ci ba sai ya zube. Ya ce ya yi wa Malam Bitrus alkawari a gaban mutane, ba zai karɓi komai daga hannun ɗan gidansa ba. Mama ta ce, "To, Yagana, sai ki zama mai talla."

Auno

Tun ina firamare ban taka hanyar nan ba, kuma kowa ya san dalili. Da aka buɗe ta da safe, a shingen farko aka sauke fasinjoji muka tsallake da ƙafa. Na ji wani soja yana tambayar Baba.

"Baba, ina zuwa?"

"Damaturu."

"Me za ka kai?"

"Ba komai."

"Me za ka ɗauko?"

"Ba komai, ɗana."

Sojan ya dube shi, ya dubi keken. Ya ce in kuɗin mota ne babu, zai roƙi wani direba ya ɗauke shi kyauta. Baba ya yi godiya, ya ce haramun ne a wurinsu. Sojan ya kira abokinsa ya zo ya gani.

Jakana

Kawu ya wuce masu keken, ya ajiye ni a bakin titi cikin masu ƙosai da gyaɗa. Na shimfiɗa ɗankwali, na jera kofuna. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni da Kanuri ko 'yar wace ce, ni da ban taɓa sayar da ko ashana ba.

Samarin Malam Bitrus suka fara isowa da gajerun wanduna da hular kwano, suka sha kusan rabin kular. Dole in sayar musu, don in ban sayar wa kowa ba doka ta karye. Malam Bitrus yana sha yana yi mini bayani: a wannan wasa ana ci kafin a ji yunwa, ana sha kafin a ji ƙishi, wanda ya jira sai jikinsa ya tambaya ya makara.

Baba ya iso can baya, ya ɗaure ƙasan wandonsa da roba. Ya tsaya a gabana kamar bai taɓa ganina ba.

"Yarinya, nawa kunun?"

Na faɗa masa kuɗin.

"Ya yi tsada. Kuma wanda ya dama shi bai iya ba."

"Baba, Mama ce fa."

"Ban san mamarki ba."

Ya yi ciniki sai da na rage, ya sha kofi ɗaya, ya ƙi dabino wai ba ya sayen dabinon hanya.

Benishek

Rana ta take. A nan samari biyu suka haƙura, aka ɗaura kekunansu a kan wata motar itace. Baba ya wuce ta gabana bai tsaya ba, na bi shi da gudu ina "A sayi kunu", mutanen tasha suna kallon mai tallar da ta zaɓi mutum ɗaya a duniya. Na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya yi fari. Kawu ya ce, "Ubanki tun yana saurayi haka yake. Shiga mu bi shi."

Kafin Ngamdu

Wurin ba gari ba ne. Daji ne, sai bishiyoyin aduwa da wani kangon gida da aka ƙone tun shekarun baya. Muka hango keken a kwance, Baba a zaune a ƙasa, jikinsa yana ɓari. Kawu ya tsaya amma bai kashe mota ba, yana ta waige. Ba a tsayawa a nan.

Na durƙusa na kai masa kofi baki. Ya kau da kai.

"Baba, na sayarwa ne. Wallahi na sayarwa ne."

Ya kai hannu aljihu, hannun ya kasa shiga. Maganarsa ta fara harɗewa, abin da na iya ji kawai shi ne, "Ban biya ba." Na ce na bar masa, ya girgiza kai. Kawu ya ce mu ɗauke shi da ƙarfi, Baba ya rungume tayar keken. Ina kuka ina yi wa mahaifina talla a tsakiyar daji, shi kuma idonsa yana juyewa.

Sai ga wata tsohuwa Bashuwa ta fito daga wata 'yar hanya da ƙwaryar nono a ka. Ba ta jin Hausa sosai. Ta dube mu, ta karɓi kofin daga hannuna, ta kama haɓar Baba kamar ɗan akuya ta ɗura masa. Ta miƙo kofin na ƙara, ta sake ɗurawa. Ta tura masa dabino a baki, ta faɗa masa wata magana da Larabcinsu wadda Kawu ya ƙi fassara mini, ta ɗauki ƙwaryarta ta tsallaka titi.

Da idonsa ya dawo daidai, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wace ce?"

"Ba mu san ta ba."

"Ba dangin mamarki ba ce?"

"A'a."

Ya ce in kira Malam Bitrus. Malam ya duba dokokin, ya ce baƙon da ba ka roƙa ba, in ya ba ka, sadaka ce, ba laifi. Baba ya tashi ya hau.

Damaturu da komowa

Shi ne na ƙarshe da ya shiga, ana shirin jan shinge. Muka kwana gidan wani abokin Kawu, aka ba mu tuwo da miyar kuka, ni na kasa ci. Da safe aka ɗaura keken a saman mota, Baba ya yi barci tun daga tasha har Lamisula, ni kuma ina kallon ƙirjinsa ko yana motsi.

Mun iso lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Kawu Bukar da ya tsaya a inda ba a tsayawa, da tsohuwar nan, Allah ya kai mata ladan duk inda take. Baba yana kasuwa yanzu, yana gaya wa duk wanda ya zo sayen kifi cewa ya je Damaturu ba wanda ya taimake shi. Na bar shi ya faɗa, tunda yana nan yana faɗa.